Ba Suna, Ba Shekara

Ran da na kai wa Baffa takardar ɗaukar aiki
ya juya ta sau biyu, ya ce,
"Digiri ukku, Marwanatu,
don ki koya ma ƙatti jera littafi bisa kanta?
Ai ko Iya ta iya jeren kwalla,
ba ta taɓa taka jami'a ba."
Na yi dariya. Ba ni da amsa a lokacin.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina bin hanyar Dutsin-ma da farar safiya,
in tarar da fuskoki saba'in,
rabinsu karatun lauya suka nema,
aka turo su nan kamar wasiƙar da ta ɓata gida.
Nakan ce musu:
littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba
ɗan'uwan wanda aka ƙona ne.
Yana nan, ba ya nan.
Su rubuta, don ƙila ya fito a jarrabawa.

Mu shiga lambobi: ɗari biyu addini, ɗari shida magani.
Wata ta ɗaga hannu, ina za a sa littafin
da rabinsa fiƙihu ne, rabinsa maganin shawara?
Na ce wanda ya yanka lambobin
bai taɓa shiga zauren Masanawa ba.
Wuta ta ɗauke a ɗakin kwamfuta,
mu koma ga alli,
ina zana musu rumbun bayanai
kamar mai kwatanta teku
ga wanda bai wuce Ajiwa ba.

Sai wata Laraba, ana cikin yajin aiki,
Lurwanu, mai zama can baya jikin taga,
wanda sau biyu yana faɗuwa kwas ɗina,
ya ƙwanƙwasa ofis rungume da kwalin taliya.
"Malama, ana gyaran soronmu a Gafai,
magina suka ce a zubar."

Takardu ne warwatse, launin ɓawon gyaɗa,
tawada baƙa, wasali ja.
Gara ta ci shafin farko,
ta ci sunan mai rubutu, ta ci shekara,
ruwan wata damina ya lashi gefe.
Ba lamba ko ɗaya a kansu.

Muka baje su bisa tebur, muka danne da kofin shayi.
Shi ya fara gani, ba ni ba:
a gindin kowane shafi, can ɓangaren hagu,
kalma ɗaya tsaye ita kaɗai,
ita ce wadda shafi na gaba zai buɗe da ita.
Tsohon ya san wata rana iska za ta shigo.
Ya san wani zai zo wanda bai san shi ba.
Ya riga ni koyar da kwas ɗin nan,
ba albashi, ba allo, ba sa hannu a rajista.

Mako biyar muna haɗa wutsiya da kai.
Da muka zo cike kati,
marubuci: ba a sani ba,
shekara: ba a sani ba,
Lurwanu ya ajiye biro ya ce,
"In mutum na son koyar da abin nan,
bayan bautar ƙasa ina zai dosa?"
Na faɗa masa gaskiya:
digiri na biyu, na uku, maƙala kan maƙala,
albashin da ke sallama tun ashirin ga wata,
da dangin da za su ce kanta kake gadi.
Ya ce to. Ya ɗauki biro.

Baffa ya rasu bara, ban ba shi amsarsa ba.

Shafi ɗaya ya rage mana wanda bai sami abokinsa ba.
Yana cikin durowata, a ambulan ɗin da ba ya cin takarda.
Kalmar gindinsa: sannan.
Duk sabon zango nakan nuna wa 'yan aji ɗaya,
in ce ku duba sorayenku,
ku tambayi magina kafin su zubar.